To Ɗin Da Na Ce Miki

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Hauwa'u, Kulun gidan Malam Umaru na Magarya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa ta uba, duk da cewa bango ɗaya ne tsakanin inda nake wannan rubutu da inda kike ninke kayanki. Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai. Allah Ya tsare ki a zaune, Ya tsare ki a tafe, Ya sa duk hanyar da kika ɗauka ta yi wa ƙafarki sauƙi.

Kin san abin da ya sa nake rubutu. Sati uku ke nan da kika durƙusa a zaure kika ce kamfanin layin waya ya ɗauke ki aiki a Kaduna, aikin kiran mutane da Hausa kina yi musu tallan abin da kamfani ke sayarwa. Kika ce za ki zauna gidan ƙanwata, Gwaggonki Asabe. Kika nemi izinina, ni kuma na dubi tabarma na ce, "To." Kika jira, ban ƙara komai ba, kika tashi.

Jiya Innarki ta faɗa mini abin da kika ce mata a madafa:

"Inna, Baba to yac ce. Bai ce ya yarda ba. Ni ko ba ni shiga mota bisa to."

Motar Asabar ce, aikin kuma Litinin ake farawa, kuma na san halinki: in ban buɗe baki ba, za ki kwance jakar nan ki mayar da kaya cikin akwati, ki yi mini murmushi kamar ba komai. Kin kuma yi gaskiya. A gidan nan aka haife ki, kin san to kala-kala ne. Akwai to na "na ji", akwai na "tashi ka ba ni wuri", akwai na "Allah Ya kyauta". To na yarda shi ne mafi ƙaranci a cikinsu, kuma ba shi na ba ki ba.

Bakina yana da nauyi a gabanki, shi ya sa na ɗauki biro. A gaskiya lokacin da na ɗauke shi ni kaina ban san amsar da zan ba ki ba. Ki yi haƙuri ki biyo ni sannu a hankali. Akwai kurakuraina da masu kiran nan da ban taɓa ba ki labarinsu duka ba, kuma ina jin amsar tana can cikinsu.

Na farko ya faru ne lokacin ina aikin ƙofar ruwa a fadamar Wurno, kina 'yar firamare. Aikina shi ne in buɗe wa gonakin shinkafa ruwa da safe, in rufe in sun sha. Aiki ne na mutum ɗaya, daga kai sai balbelu. Yayanki Bashiru ya aiko mini da waya daga Legas, 'yar ƙarama mai fitila a ka, na dinka mata jaka ta fata ina ratayawa a wuya. Sai ta yi kwana uku ba ta yi ƙara ba.

Wata rana da hantsi ina tsaye kan dakalin ƙofa, ruwa yana shiga gona yana wannan 'yar ƙarar tasa, wayar ta yi kuka. Na goge hannu a riga na ɗauka. Muryar mace ce, mai sanyi, ta yi sallama cikakkiya. Na amsa mata cikakkiya. Na ce ina kwana, ina gajiya, yaya mutanen gida. Ba ta amsa ba, ta ci gaba da maganarta, wai in danna ɗaya in samu kaza, in danna biyu in samu kaza. Na ce a raina wataƙila haka mutanen birni ke yi, ba su da lokacin gaisuwa. Ban danna komai ba, amma ban kashe ba, don an koya mana baƙonka annabinka, kuma ba a juya wa mai sallama baya. Da ta gama na ce mata na gode, ta gaida gida.

Haka muka yi ta yi wata da watanni. Ba zan ɓoye miki ba, na saba da ita. In rana ta ɗaga, iska ta kwantar da kan shinkafa gefe ɗaya, sai in samu kaina ina taɓa jakar wuyana. Na ma yi mata kamanni a raina. Na ce doguwa ce, tana da wushirya, tana zaune kusa da taga a wani bene, kuma in ta gama da ni tana kurɓar ruwa kafin ta kira na gaba. Wani lokaci in dubi dogon ƙarfen sabis da ke bayan gari, shamuwa na zaune a kansa, in yi ta tunanin ta nan muryarta ke sauka ta huta kafin ta ƙaraso fadama. Har tausayinta nake ji, mace ɗaya da gaida ƙasa guda.

Ran da ta kira ina gida, Innarki tana tsince wake a tsakar gida, ta ji ina ta "lafiya lau, madalla" ni kaɗai.

"Malam, da wa kaka gaisawa hakanga?"

"Wata baiwar Allah ta, daga kamfani."

"Ba ni in jiya."

Ta kara a kunne, ta saurara, ta ce "ke" sau biyu, sannan ta miƙo mini tana danne dariya da gefen zane.

"Malam, wagga ba mutum ba ta. Ɗauka anka yi, kamar kaset. Ko ka zage ta ba ta ji, balle gaisuwa."

Ta yi mako tana tsokanata, in na shigo ta ce, "Ya mutuniyar taka, ta kwan lahiya?" Na yi dariya tare da ita. Amma washegari da na koma ƙofar ruwa, abin da na ji ba kunya ba ce. Kewa na ji, kamar an ce mini wani da na sani ya bar gari.

Abin da na koya shi ne ki fara sanin da wa kike magana. Dabarar mai sauƙi ce: ki yi tambaya ki yi shiru. Mutum yana tsayawa ya ji ki, na'ura kuwa wucewa take yi. In na'ura ce ki kashe, babu rashin ladabi a ciki, ba ki ɓata wa kowa rai ba. Ke kuma in Allah Ya sa kin zauna a kujerar masu kira, kada ki bari a kasa bambanta ki da ita. In kin yi sallama, ki tsaya a amsa miki. In tsoho ya tambaye ki gajiya, ki ce masa babu gajiya, ko da an ƙayyade miki lokaci. Daƙiƙar nan da za ki ba shi ita ce shaidar cewa akwai rai a ɗaya gefen.

Kuskure na biyu shi ne wanda har yau in na tuna sai in ji zufa a ƙeya. Lokacin kwasar albasa ne, na kai tawa kasuwar Goronyo tare da ta abokina na Taloka. Kin san yadda wurin yake, masu ɗinkin buhu, masu lodi, dillalai kowa na ɗaga murya. Ina tsaye ina kallon kada a haɗa buhunana da na wani, waya ta yi ƙara. Wannan karon na gwada dabarata, na ce wane ne, aka tsaya aka amsa. Mutum ne, namiji, mai ladabi ƙwarai, yana ce mini Baba. Ya fara bayani mai tsawo. Rabinsa hayaniya ta cinye, rabinsa hankalina na kan buhu. Duk inda ya ja numfashi sai in ce "to", kamar yadda ake yi wa kowane mai magana don ya san ana tare da shi. A ƙarshe ya yi wata tambaya da ban ji ba, na ce, "To, to, madalla." Ya yi godiya har da addu'a, ya kashe.

Ashe waƙa na saya. Ba wadda ni zan ji ba, wadda duk mai kirana zai ji kafin in ɗauka. Ta yaya zan sani? Mutum ba ya kiran kansa. Waƙar kuwa ta soyayya ce, wani yana ta magiya wata yarinya ta dube shi ko sau ɗaya, da kiɗa mai sa kafaɗa motsi. Ni ne kuma wanda ake kira in za a ɗaura aure a unguwa, ni ake kira in an yi rasuwa don in sanar a masallaci. Wata biyu cur mutane suna kirana suna jin wannan, ba wanda ya ce uffan. Sai dai na lura matasa suna yi mini wata gaisuwa mai yawan fara'a.

Malam Shehu na Rabah ne ya fasa ƙwan, abokina tun muna makarantar allo. Yayansa ya rasu, ya kira ni ya faɗa mini, na je aka yi jana'iza. Ran addu'ar uku, bayan mutane sun ragu, ya ja ni gindin dalbejiya.

"Umaru, aure zaka ƙarawa?"

"Aure kuma? Mi ya kawo wagga magana cikin makoki?"

"Sau ukku nik kira ka ran da Yaya yar rasu. Hawaye na zuba gare ni, wani na roƙon budurwa cikin kunnena. Nic ce ko dai abokina ya samu wata ta."

Ya kira lambata a gabana ya kara mini a kunne. Kulu, da ƙasa za ta tsage da na shige. Shi kuwa dariya ta kama shi har ya dafa icce, dariyarsa ta farko tun rasuwar. Wannan kaɗai ne alherin da na san waƙar ta yi.

Na daɗe ina cewa yaron nan ya cuce ni. Daga baya na zauna na auna. Ya tambaya, na ce to. A takardar da ke gabansa gida biyu ne kawai, i da a'a, babu gidan "ina jin ka, ci gaba". Bai san to ɗinmu ba, ko kuwa ya sani ya kau da kai, Allah ne masani. Amma ni ma na san magana zarar bunu ce, na kuma sake ta ba tare da na ji abin da aka tambaye ni ba.

Saboda haka in an kira ki ana miki talla, kada ki yi wa mai kira kara irin ta gida. Ki tambaya a fili: me za ku sa mini, me za ku cire mini, kuma kullum ne ko sau ɗaya? In ba ki so, ki ce "ba na so", kalma uku, cikakku, ba tare da to a gabansu ko a bayansu ba. In kina cikin hayaniya ki ce ba yanzu ba, ki kashe. Kada ki danna lambar da ba ki fahimci abin da ke bayanta ba. Wanda kuma ya ce ki karanto masa lambobin da aka turo miki a saƙo, ko na katin banki, ko ya rantse daga kamfani yake, wannan ba ɗan talla ba ne, ɓarawo ne ya ari rigarsu. Na san kin fi ni sanin waɗannan, amma uba ba ya fasa faɗa don ɗiya ta sani.

Na uku shi ne mai nauyin, kuma ko Innarki ba ta san shi duka ba.

Bayan abin waƙar nan na cika fam. Na yi alkawari duk wanda ya sake kirana daga kamfani zai ji abin da bai taɓa ji ba. Aka yi kwanaki, farkon damina, ina gonar gero ta bayan gari ina duba tsiro. An yi ruwa da asuba, ƙasa tana ta ƙamshi. Waya ta yi ƙara, muryar yarinya ta yi sallama ta ce daga kamfani take. Ban ko amsa sallamar ba. Na ce musu marasa kunya, masu cin haƙƙin talaka, waɗanda iyayensu ba su koya musu aikin yi ba sai damun mutane. Na faɗi abin da ba zan rubuta a takardar da ɗiyata za ta karanta ba. Haushin kaza na huce a kan dami, na sani, amma a lokacin daɗi nake ji.

Ba ta kashe ba. Da na gaji na yi shiru, sai na ji ta ja numfashi, irin na wanda ke riƙe kuka. Da ta yi magana, Hausar ofis ɗin nan ta zube mata, ta gida ta fito.

"Baba, ka yi hanƙuri. Aiki na anka ba ni. Lambarka ta taf fito, ba ni niz zaɓe ka ba."

Na ce, "Ke ɗiyar ina ta?"

"Gandi, Baba. Ƙasar Rabah."

Gandi, inda nake zuwa sayen irin wake. Wataƙila na taɓa yin sallah sahu ɗaya da ubanta. Na ce ta yafe mini, ta ce ba komai, sun saba. Wannan "mun saba" ya fi zagin da na yi mata ciwo a raina. Can sai ta ce, a hankali kamar mai tsoron a ji ta:

"Baba, an yi ruwa can?"

Na ce an yi, yau da asuba. Ta ce gero ya tsiro? Na ce ya tsiro, ya kai tsawon yatsa. Ban san lokacin da na fara ba ta labarin gonar ba: yadda ruwa ya kwanta a kunya yana ɗaukar hoton sama, yadda kwaɗi suka cika tafkin gefen hanya, yadda wata mata ke wucewa da ƙwaryar nono tana taka laka a hankali. Tana ta cewa "Allah sarki", ina jin muryoyin wasu masu kira a bayanta kamar kasuwa daga nesa. Sannan ta ce lokacinta ya cika, za a yi mata magana. Ba ta ma yi mini tallan ba. Ban tambayi sunanta ba, lambata kuma ba ta sake faɗo mata ba.

Na zauna a kan kunya har rana ta take. Tun daga ranar, duk wanda ya kira ni, in mutum ne, ina amsa sallamarsa, in ce ba na so, in yi masa fatan alheri. Ƙin abu daban, wulaƙanta mai kawo shi daban. Ki riƙe wannan a duk inda kike, a waya ko a bakin ƙofa.

Yanzu kin ga inda to ɗina ya fito. Da kika ce aikin kira, ba kamfani na gani ba, ba Kaduna na gani ba. Yarinyar nan na gani, da fuskarki. Na ga wani tsoho mai zafin kai irina, a wata gona, yana zazzaga miki abin da na zazzaga mata, ke kuma kina haɗiye kuka kina cewa kun saba. Na gan ki kina tambayar baƙo ko an yi ruwa a garinku. Tsoro ne, Kulu. Tsoron kada a biya ni bashin bakina a kanki. Ban iya faɗar haka a zaure ba, sai na ce to.

Akwai na huɗu, gajere ne, amma shi ya fi kusa. Bayan na yi ritaya kiran ya yi yawa, har ana tashina daga barcin rana. Innarki ta jiyo wurin matan Islamiyya cewa akwai wata gajeriyar lamba da ake tura wa kalma ɗaya, sai a rufe maka tallan gaba ɗaya. Ta karɓi wayata ta yi, cikin minti ɗaya, tana cewa shekara nawa ina faɗa da abin da yatsa ɗaya ke kashewa. Ke ma ki yi wa layinki haka in sun dame ki, haƙƙinki ne, kuma ba laifi ba ne ko da a wurinsu kike aiki.

Na samu lafiya, na yi barcina. Kwana biyu, kwana biyar. A rana ta tara na kai wayar wurin mai gyara a Wurno na ce ta lalace. Ya duba, ya kira ta da tasa, ta yi ƙara lafiya lau.

"Malam, wayarka ƙalau take. Kira na ba a yi ba."

Na hau kabu-kabu na dawo, ban ce wa kowa komai ba. Ashe duk ƙarar da nake ƙorafi a kai, mafi yawanta ta kamfani ce. Da aka ɗebe ta, abin da ya rage shiru ne. Na fara jin haushin Bashiru, na fara jin haushin Asabe. Sai na buɗe wayar na duba jerin waɗanda ni na kira, na ga na ƙarshe tun kafin azumi ne, shi ma mai sayar da taki na kira. Na zauna ina jira a gaishe ni saboda ni ne babba, su kuma suna can suna cewa kada su dame ni. Na'ura ce kaɗai ba ta da girman kai, shi ya sa ita kaɗai ke kira. Ranar na kira Malam Shehu ba tare da wani dalili ba, ya ɗauka a tsorace yana tambayar wa ya rasu.

Kada ki yi irin nawa. Za ki yini kina kiran mutanen da ba ki sani ba, in kin tashi bakinki zai gaji, wayar ma ba za ki so ganinta ba. Duk da haka ki ajiye wa Innarki kira ɗaya, ba sai da labari ba. Ki ce mata kin ci tuwo, ta ce miki akuya ta haihu, ya isa. Ita ba za ta taɓa cewa tana kewarki ba, sai dai ta ce gishiri ya yi yawa a miya.

Na dakata da rubutun nan bayan azahar, na kishingiɗa a gindin tsamiyar ƙofar gida, barci ya ɗan sace ni. Na ga kamar na koma ƙofar ruwa. Na murɗa ƙarfen, ƙofa ta ɗaga, amma abin da ya kwararo muryoyi ne, sallama iri-iri, ta maza da ta mata, suna bin magudana suna rarrabuwa cikin gonaki. A kowace gona akwai mutum ɗaya tsaye shi kaɗai, da waya a hannu. Wasu muryoyin suna wucewa ba su tsaya ba. Sai na ji taki a ciki, na gane ta tun daga nesa, tana tafe a hankali, tana tsayawa a bakin kowace gona har a amsa. Na ce a raina in na sauke ƙofar nan, waɗancan mutanen sauran muryoyin kaɗai za su samu. Hannuna na kan ƙarfen aka kira la'asar, na farka. Ba na cikin masu fassara mafarki, barcin rana ne da tunani ya yi wa yawa. Amma na tashi zuciyata ta fi sauƙi.

Da na yi alwala na ga abin a fili. Ko kin je ko ba ki je ba, za a ci gaba da kiran mutanenmu. Wani zai zauna a kujerar. Gara mai zaman ta kasance wadda ta san cewa in tsohuwa a Taloka ta ce to, mai yiwuwa hannunta na cikin ƙullu ne, ba ta ma ji tambayar ba. Abu ɗaya nake roƙonki, kuma shi ne sharaɗina: kada ki taɓa rubuta wa mutum i a kan to. Ki sake tambaya, da Hausar gida, "Inna, kin yarda a sa miki, ko na bari?" In ta ce bari, ki bari, ko da hakan zai sa a ce ba ki iya aiki ba. Ran da aka ce sai kin yi akasin haka, ki ɗauko jakarki, ɗakinki na nan. Zagi kuwa za ki sha shi, ba zan iya tare miki ba. In ya zo, ki tuna mai yinsa wataƙila wani Malam Umaru ne da aka sa wa waƙa, kuma zai yi nadama kafin rana ta take.

Ga amsata, da hannuna, don ki riƙe ta a rubuce. Na yarda, Hauwa'u. Na yarda ki tafi, da zuciya ɗaya, na kuma sa miki albarka a cikin aikin.

Ɗazu bayan la'asar na miƙa wa Innarki wayata na ce ta buɗe tallan nan da ta rufe. Ta dube ni kamar na zautu.

"Malam, kai da kac ce sun hana ka barci?"

Na ce ta dai buɗe. Ta sunkuyar da kai ta danna, ba ta ƙara tsokanata ba. Na san lambobi dubu-dubu ne, kuma ba ke ke zaɓa ba. Amma daga Litinin duk kiran kamfani da ya shigo zan ɗauka, in yi shiru in saurari sallamar. In Allah Ya sa wata rana tawa ta faɗo gabanki, kada ki gajarta don ni ne. Ki karanta mini tallan duka, tun daga farko har ƙarshe, a hankali. Zan ce miki ba na so, amma sai kin gama.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya sauke ki lafiya. Ya tsare harshenki daga cutar da wani, Ya tsare kunnenki daga abin da zai kwana a ranki. Ya haɗa ki da shugabanni masu tausayi da abokan aiki na kirki, Ya sa abincinki ya zama halal. Ya dawo mana da ke muna raye, kina yadda muka san ki. Ki gaida Gwaggonki Asabe, ki ce mata zan kira ta da kaina.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Umaru